Kunyar Ɗan Fari da Hoton Cikin Idona

Ko me zan manta a duniyar nan, ban da hantsin kwana na huɗu da haihuwata ta fari. Yau shekara uku ke nan da 'yan watanni, amma har gobe in na farka da safe sai na sa tafin hannu na rufe ido ɗaya, na kalli bakin ƙofa da ɗayan, sannan na sauya. Maigidana ya yi mini dariya har ya gaji ya bari.

A ranar, Goggo, yayar babanmu, wadda ita ke yi mini wankan jego, ta gama fyaɗa mini ruwan zafi da ganyen bedi, ta miƙo mini jaririyar in ba ta nono, ta fita gyara wutar tukunya. Ina jin takunta ya yi nisa na yi abin da na saba yi a ɓoye tun da na haihu, wato na janye zanen da aka lulluɓe ta da shi don in more kallonta. Sai na ga babu fuska. Ga kunne, ga gashi kwance luf, ga ɗan hannunta a dunƙule, amma tsakiya, inda ido da hanci da baki suke, wani abu ne toka-toka kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a madubi. Na murza ido, na ce tururin wanka ne. Na ɗaga kai na kalli ƙofa, sai na ga katakon da na sani miƙe sambal tun ina yarinya ya lanƙwashe a tsakiya kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo.

Abin mamaki, kafin tsoro ya gama kama ni sai da na tsaya gwaji. Ni dama tun a makaranta haka nake, ba na ganin abu in ƙyale. Na rufe idon hagu, tabon ya yi girma. Na rufe na dama, ya ragu amma yana nan. Na kalli rufin ɗaki, ya bi ni can. Na kalli kwanon kunu, ya sauka a kan kwanon. Duk inda na sa ido nan yake zama. Can sai na gano wata dabara. In na kau da kai na kalli bango, sai fuskar jaririyar ta ɗan bayyana ta wutsiyar ido, dishi-dishi, kamar mutumin da ka hango ta bayan labule.

A nan sai na ɗan yi bayani, don wanda bai san gidanmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Kakanninmu Fulani ne. Fillanci ya tafi, shanun ma sun ragu sai 'yan ƙalilan, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, kuma ba a kama ta tana kallon fuskarsa. In an miƙo mata shi ta karɓa kamar an ba ta ajiyar wani. Ni da na yi aure a Dutsin-Ma, kuma na gama sakandare, dama idon kowa na kaina, ana jira a ga ko boko da zaman gari sun cinye mini tarbiyya.

To ga ni nan, matan unguwa suna ta shigowa barka, ina zaune da jaririya a cinya, fuskata na kallon bango, ina ta faman leƙen ɗiyata ta gefen ido. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tafa hannu.

"Kai, masha Allah! Ku dubi yarinyar nan. Ko kallon inda ɗiyar take ba ta yi."

Goggo ta gyara ɗaurin kallabi, murya cike da alfahari. "To da mi kuke zato? Ni na raine ta. Takarda daban, kunya daban. Ba irin na yanzu ba, da tun cibi bai faɗi ba an ɗauki hoto an watsa wa duniya."

Aka yi ta dariya, ana sa mini albarka. Kwana biyu cur ana yabona da makanta.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni magana. Da farko na ce kunya ce, don in na ce ba na ganin fuskarta, tambayar da za ta biyo ita ce, to yaushe kika fara kallonta? Amma in gaskiya za a bi, ai ina iya cewa ƙofa nake gani a karkace. Tsoro ne ya samu rigar kunya ya saka. Gani nake in na furta, abin ya tabbata. Ga suna saura kwana uku, dangin maigida za su zo daga Dutsin-Ma da Karofi, a ce amaryar bara ta makance a gidansu. Na ɗauki madubi na duba idon, fari tas, babu ja, babu kwantsa, babu kumburi. Na ce abin da ba a gani daga waje, ai zai wuce da kansa.

Kwana na biyar ciwon kai ya zo, irin wanda kake jin kamar ana daka a ƙeya. Ƙafafuna suka kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Wannan kam na faɗa wa Goggo. Ta taɓa goshina ta ce sanyi ne ke neman shiga jikina, maganinsa a ƙara wa ruwa wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Ba mugunta ba ce. Haka aka yi mata, haka ta yi wa mata fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma ga su nan suna yawo. Na shanye kwano guda, gishirin kanwar na kartar mini maƙogwaro.

Wadda ta kama ni ita ce Yaya, babbar yayarmu, da ta iso ana gobe suna da buhun kayan miya da lalle. Ita ce 'yar fari a ɗakinmu, bakinta kuma ba ya shiru. Ta zauna gefena tana ba ni labarin telan da ya ɓata mata ɗinki, ta zuba ruwa a kofi ta miƙo mini. Na kai hannu, na damƙi iska a gefen kofin. Na sake kaiwa, na buge shi ya zube.

Yaya ta yi shiru, abin da ban taɓa ji ba. Sai ta tashi ta saki labule, ta dawo ta durƙusa a gabana.

"Ke, kalle ni nan. Yatsa nawa na ɗaga?"

Na kau da kai gefe don in hango. Ta kama haɓata ta juyo da ni.

"Ba bango na ce ki kalla ba. Ni za ki yi wa kunya? Ni aka yi wa kunyar nan shekara talatin, na san kalarta. Mai kunya ƙasa take kallo, ke kuwa kin zama hawainiya. Yatsa nawa?"

Na fashe da kuka. Na gaya mata komai.

Rigimar da aka yi a tsakar gida ba ƙarama ba ce. Goggo ta zo ta gwale mini ido da yatsunta masu ƙamshin hayaƙi, ta duba dama, ta duba hagu, ta ce, "Ido garau kamar na ɗan maraƙi. Jiri ne na jego. Ina aka taɓa fita da mai jego kwana shida, jiki ɗanye, iska ta buge ta? Gobe suna, a bari a watse." Yaya ba ta gaya mata maganar fuskar jaririya ba, ta rufa mini asiri, ta ce dai ba na gani sosai. Ta kira maigidana a waya. Kafin azahar ya iso da motar abokinsa, ya tsaya a zaure yana ta gaisuwa, ya kasa shigowa saboda surukai. Baba ne ya raba gardama. Ya ce ragon suna ba ya gudu, suna kuma ko babu uwa a gida ana raɗa shi. Goggo ta ce to in dai za a tafi, ƙafarta ƙafata. Ta goya jaririya, ta cika fulas da kunun kanwa, ta shige gaba.

Dutsin-Ma muka nufa, don a wani asibiti can na yi awon ciki, katina yana wurinsu. A hanya ban daina gwaji ba. Turakun lantarki duk sun zama masu ƙusumbi. In mai babur ya taho sai in ga babur da ƙafafu, babu kai. Da ba a jikina abin yake ba, wallahi da ya ba ni dariya.

Aka shigar da mu ɗakin da ake karɓar masu larurar gaggawa. Nas ta tambaye ni me ke damuna, ga Goggo tsaye a kaina, sai na ji bakina ya ce ciwon kai ne kawai. Yaya ta mintsine ni. Nas ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta duba, ta kwance ta ɗaura a ɗayan hannun, ta sake dubawa, sai ta fita da sauri. Ta dawo da likita, mace, siririya, ba za ta girmi Yaya ba. Nan da nan aka kwantar da ni, aka sa mini allura a jijiya, aka ba ni ƙwaya na haɗiye. Likitar ta dubi yadda nake karkata kai in ana yi mini magana, ta dubi Goggo, sai ta ce, "Hajiya, ɗakin nan akwai masu tari. A taimaka a fita da jaririyar inuwa, kada ta kwasa." Goggo na fita likitar ta jawo kujera.

"To, ƙanwata, yanzu daga ni sai ke sai yayarki. Mi kike gani, mi ba ki gani?"

Na zayyana mata, har da ƙofa, har da mai babur. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta yi mini bayanin da har yau nake iya maimaitawa. Ta ce jinina ya hau sosai, irin hawan da kan zo wa wasu mata bayan haihuwa, kuma allurar da aka yi mini ta hana jijjiga ce. Wannan sun san yadda za su yi da shi. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ke faruwa a cikin idon. Ta ce can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa siririya, ita ke karɓar hoton duk abin da mutum ya kalla. Ta faɗi sunanta da Turanci, sai na tuna na taɓa zana ta a jarrabawar bayoloji, na ja kibiya na rubuta sunan, na ci makin, ban taɓa kawowa a raina cewa ni ma ina da ita ba.

"In yagewa ta yi," in ji ta, "aiki ne, kuma ba a nan ba. Dole a ɗauke ki zuwa babban asibiti yau, ko da jinin bai gama sauka ba. In kuwa ruwa ne hawan jinin ya tura ƙarƙashinta, to hanya ce za ta cuce ki, kwanciya a nan ita ce magani. Daga waje duk iri ɗaya ne. Sai an leƙa."

Yaya ta ce, "To a ina injin leƙawar yake?"

Likita ta yi murmushi. Ta ce babban injin sai manyan asibitoci. Ta sa hannu a aljihun farar rigarta ta fito da wayarta, mai fasasshen gilashi a kusurwa, da wani ɗan gilashi kewayayye mai baƙin baki, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba.

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. "Likita, don Allah ban da wasa. Irin wayar nan fa gare ni. Ko fuskata ba ta fitarwa da kyau."

"Taki ma za ta yi, Yaya, in kin iya riƙe hannu. Ni sai da na yi wata biyu ina koyo a idon abokan aikina, har suka riƙa ɓuya in sun hango ni."

Aka ɗiga mini magani a ido biyu, mai zafi kamar ruwan albasa. Ta ce sai an jira baƙin tsakiyar ido ya buɗe, don shi ne tagar da za ta leƙa ta ciki. Muna jira Yaya na leƙa ni tana ba da rahoto. "Ya fara. Kai, ya ƙaru. Wallahi kin koma kyanwa." Ni kuma tambaya nake ta jerowa. Ta yaya za a yi waya ta ga bayan abu? Likita ta ce fitilar wayar ce ke shiga ta tagar, ta haska ciki, gilashin kuma ya tattaro hoton ya miƙa wa kyamara. Sai dai hoton a kife yake zuwa, sama a ƙasa, dama a hagu, sai mai dubawa ya juya shi a kansa.

Aka saki labulen taga, aka kashe fitila. Ta ce Yaya ta riƙe mini kai, ni kuma in kafa ido a kunnenta, kada in bi hasken. Ta riƙe gilashin da hannun hagu kusa da idona, wayar a hannun dama daga baya kaɗan, tana matsowa tana ja da baya kamar mai zura zare a allura. Hasken nan kuwa, kamar an ce ka kalli rana tsaka. Hawaye suka yi ta zuba. Na ƙifta, ta sake. Na motsa, ta sake. Ta ce, "Yauwa, yauwa, ga shi nan, kada ki numfasa ma," sai wayar ta ɗau ƙara a hannunta. Mahaifiyarta ce ke kira. Ta katse, ta yi tsaki, ta ce, "Inna ke nan, sai ta ji ko na ci abinci." Ni da ke kwance ina jiran a gaya mini ko na makance, sai ga ni ina dariya. A karo na huɗu ta samu. Ashe bidiyo take ɗauka, daga baya ta bi shi a hankali tana tsamo wuraren da suka fito sosai.

Na ce a nuna mini. Ta sa mini wayar a gaba, tabon ya zauna a kanta. Dole na kau da kai na leƙa ta gefe. Kun ji abin mamaki, ina leƙen ciwon da idon da ke ciwon. Abin da na hango wani faifai ne ja-ja, ruwan goro, irin launin rana in za ta faɗi a kan ruwan dam ɗin Zobe. A gefe guda akwai ɗan da'ira mai haske, jijiyoyi sun fito daga cikinsa sun barbazu kamar saiwar kuka. Ban san haka cikin mutum yake da kyau ba. Likita ta nuna wani wuri da farce, ta ce a nan ya tashi kamar bororon ƙuna, ga kuma wasu fararen ɗigo-ɗigo. Ta ce tana da zato, amma ita ba likitar ido ba ce, ba za ta yanke hukunci a kan idona da zato ba. Akwai malaminta, likitan ido a Katsina, shi za ta tura wa. Ta fita waje neman sabis.

Fitarta ke da wuya Goggo ta faɗo ɗakin, ta gaji da zaman inuwa. Da likita ta dawo, Yaya ta ce a nuna wa Goggo abin da ta ce garau ne. Goggo ta karɓi wayar da hannu biyu, ta nisanta ta, ta matso da ita.

"Wannan kuma mi ne ne? Gwaiduwar ƙwai?"

"Cikin idon ɗiyarki ne, Hajiya."

"A'uzubillahi! Ta ina kuka shiga?" Ta juyo ta duba fuskata, ko an yanka wani wuri. "Ikon Allah. Yanzu duk wannan daji yana cikin ɗan idon nan?"

Likita ta nuna mata wurin da ya tasa. Ba ta san komai game da gidanmu ba, bayani kawai take yi. Ta ce, "Nan ne tsakiyar gani. Wanda nan ya taɓu gare shi yana ganin gefe, amma abin da ya kalla kai tsaye ba ya ganinsa. Ko fuskar jaririyarta ta kalla, ba za ta gani ba, sai ta kau da kai ta leƙa ta wutsiyar ido."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Goggo ta daɗe tsaye, jaririya na motsi a bayanta. Sannan ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ashe kau da kan nan da nake ta yi wa mutane burga da shi..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye wayar a kan gado, ta ɗauki fulas ɗin kunun da ta sha wahalar riƙowa tun daga gida, ta tambayi likita ko a ba ni. Likita ta ce kanwa da gishiri sai a dakata, ruwan wanka kuma a sirka shi. Ta ƙara da cewa ba kunun kaɗai ya jawo ba, ciwon kan zo har ga wadda ba ta taɓa sha ba, sai dai yana ƙara wa wuta itace. Goggo ba ta yi musu ba. Ta miƙa wa Yaya fulas ɗin ta ce, "Ungo, ke jininki sai dai ya hau wa mutane."

Kafin la'asar amsa ta zo, saƙon murya. Likita ta sa mana muka ji, muryar dattijo, ana jin hayaniyar marasa lafiya a bayansa. Ya ce bai ga yagewa ba, ruwa ne, aikin hawan jini. Kada a ɗora ni a mota. A saukar da jinin, a riƙa ɗaukar hoto ana turo masa, in ya ga abin da bai gamsu da shi ba zai ce a kawo ni. Na ce, to zan warke? Likita ta ce yawanci ruwan kan janye in jini ya sauka, amma ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta gani ba tukuna. Na so ta yi mini ƙarya a ranar. Yanzu na gode da ba ta yi ba.

Aka yi suna ina gadon asibiti. Maigidana ya zo da hantsi da soyayyen nama a kwano, wanda aka hana ni ci saboda gishiri, matan ɗakin suka yi mini gadonsa. Kwana biyar na yi. Duk bayan kwana biyu likita ta zo da wayarta da gilashinta, kuma kafin a sallame ni na zama abin kallo. Wata mai jiran haihuwa a gadon kusa da ni ta ce don Allah ita ma a ɗauki nata, tana so ta tura wa mijinta, tunda kullum cewa yake bai san abin da ke cikin ranta ba, to ga na ido ya fara da shi. Ni kuwa na koyi jera hotunan a kaina, na ranar farko da na bayansa, ina tambaya ko bororon ya sauka. Yana sauka, amma kamar tafiyar kunkuru. Tabon ya tashi daga toka ya koma hazo-hazo. Ƙofa ta rage lanƙwasa. Fuska dai ba ta dawo ba. Kowace safiya sai na ce yau ne, sai in ga ba yau ba ne. Aka sallame ni da magani, aka ce in dawo bayan mako biyu. Makonnin nan biyu a gidan Yaya na yi su a Dutsin-Ma, Goggo na tare da mu tana yi mini wanka da ruwan da ta riƙa gwadawa da gwiwar hannu tana gunaguni.

Ranar da muka koma, da hantsi ne. Jini ya daidaita. Kafin a ɗiga mini maganin buɗe ido, likita ta ce bari ta gwada ganina tukuna, ta tashi tana neman allon haruffa, wani ya ɗauke shi zuwa wani ɗakin. Gaskiya kwana uku kafin nan na lura abubuwa sun washe, amma na ƙi gwadawa da fuskar da ta fi damuna. Ina tsoron in duba in tarar da tabon.

Sai Goggo ta kwance goyo. Ta ɗora mini jaririyar a cinya, ta janye zanen da hannunta, a gaban likita, a gaban nas, a gaban Yaya.

"Bar neman allo, likita. Ke, kalle ta. Kai tsaye, ba ta gefe ba. Ki faɗa wa likita abin da kika gani." Ta juya mana baya tana gyara zani. "Gwajin asibiti ne, ba ruwana."

Na duba. Ga gira, ga ido biyu a buɗe suna kallona. Ga wani ɗan baƙin tabo ƙarƙashin idon hagu, ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi, wanda ban san da shi ba. Na faɗa wa likita. Ta sunkuya ta duba ta ce, "Wanda ya ga wannan ba ya bukatar allona." Duk da haka sai da ta ɗauki hoton ta tura. Muna zaune a benci amsar dattijon ta iso, gajeriya. Ruwa ya janye, shimfiɗar ta kwanta, idon ya tsira. A ci gaba da shan magani, kuma duk cikin da zan sake ɗauka a sa ido a kan jinina tun daga farko.

Har yau ban faɗi sunan yarinyar nan a gaban manya ba, kuma ba na jin zan fara. Kunya ba ta yi mini laifin komai ba. Abin da na koya shi ne, ciwon da ya fi haɗari shi ne wanda ya yi kama da halin kirki, don babu mai kai ka asibiti a kansa, sai dai a sa maka albarka. Ni kaɗai na san abin da nake gani a kwanakin nan biyu, kuma duk ƙwarewar likita da wayarta, ba ta leƙa ba sai da na buɗe baki. Shi ya sa duk mai jegon da na je wa barka, in na ga ta cika shiru ana ta yabonta, sai na jira ɗaki ya watse, in matsa kusa in ce, 'yar'uwa, tsakani da Allah, lafiya kike?